Kujerar Gaba

Ƙofar Guga, Katsina
Tsakiyar watan Zulƙida

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Yahaya da yara baki ɗaya. Yaya Kaduna, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maganin da kika aiko ina sha in na tuna. Kamar kullum, Malam Gwadabe tela ne ke rubuta mani, ni ina faɗi. Kada ki sake cewa in amshi waya. Maganar waya iska ke kwashe ta, takarda kuwa ana aje ta ƙarƙashin matashi.

Abin da ya sa na tada Gwadabe daga kan kekensa albishir ne: ƙanenki Nu'uman ya fara hankali. Ranar Asabar ya zo har zaure ya durƙusa, ya ce in raka shi shagon wani Usman, can wajen Ƙofar Ƙaura, zai sayi na'urar da ke nuna wa direba hanya, kuma ba zai ɗauki kowace ba sai wadda na zaɓa da hannuna. Na ce mashi ni da na ƙare ƙuruciyata ina yawon sayen gyaɗa a kan keke, babu ƙauyen da ban kwana ba tsakanin nan da Jibiya, me zan sani game da abin nuna hanya? Ya ce ai shi ya sa, wanda ya san hanya shi zai gane ta ƙwarai. Ba zan ɓoye maki ba, maganar ta yi mani daɗi.

Usman ya jera mana guda uku a kan tebur, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Wai da tauraron ɗan'adam suke magana. Na ce ni taurarin Allah na sani, Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, kuma ban taɓa jin sun nemi a sa masu caji ba. Ta farko ƙarama ce, rubutun cikinta kamar kiyashi. Ta biyu mai faɗin fuska ce, har waƙa take yi. Na ce mota za mu shiga ko gidan biki? Ta uku baƙa ce, ba kyan gani, amma Usman ya ce ba ta mantuwa. Hanyoyin ƙauye babu su a cikinta, sai dai duk inda ka bi da ita sau ɗaya ta riƙe, duk ƙofar gidan da ka tsaya ka danna ka sa suna ta aje, ko gida nawa ne. Nu'uman ya nace wa mai waƙar. Na buga sanda na ce baƙar za a ɗauka, abin da ba ya mantuwa shi ne abin arziki. Nan take yaron nan ya sauko, ko gardama babu.

Da wata roba ake manna ta a gilashin gaba, kamar yadda wanzami ke kafa ƙaho. Muryar mace ce a ciki, da Turanci, ba sallama ba gaisuwa.

Daga nan ya ce kafin Sallah yana son mu zaga dangi in nuna mashi kowa da kyau. Kin san al'adar gidanmu: bayan Babbar Sallah sai an kai soyayyen naman layya ƙauyuka, gida gida, tun kakanku yana yi a kan jaki. Tun da aka samu mota kuwa, ni ne a kujerar gaba. A da Nu'uman tuƙi kawai yake, fuska a ɗaure, kamar direban haya. Wannan karon tambaya har sai da miyau ya ƙafe mani. Wace ce Tani ta Rijiyar Maiwa? Na ce ɗiyar ƙanen kakarku ce. Don me ake fara shiga gidan Sani makaho a Tudun Gawo kafin gidan mai gari? Na ce don ubansa ne ya ba kakanku masauki shekarar yunwa, lokacin da kowa ya rufe ƙofa. Kowane gida muka tsaya sai ya danna. Har gindin tsamiyar nan ta bakin hanya, inda kullum nake sa a tsaya in ɗauki buta in zaga, ya ce ko ya danna. Na ce wurin fitsarin ma sai an rubuta? Ya yi dariya ya bari.

Jirin da ya kayar da ni bara a hanyar dawowa bai sake zuwa ba, ki daina tada hankalinki. Yanzu ko yau na faɗi, na san zumuncin gidan nan yana da mai riƙewa. Ki sa wa ƙanenki albarka.

Ki gaida Alhaji da yara. Allah ya kai mu Sallah lafiya.

Mahaifinki,
Babaji


Ƙofar Guga, Katsina
Bayan Babbar Sallah

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi layya lafiya, yara sun ci nama ba ciwon ciki. Farar rigar da kika aiko ta iso, ta yi daidai, Allah ya yi maki albarka. Jikina lafiya lau. Ki riƙe wannan da kyau, don za ki ji an ce ba ni da lafiya.

Ranar zagayen dangi na tashi tun asuba. Na yi wanka, na sa farar rigar nan, na ƙulle goron tsofaffi a hankici, na cika buta, na fito na zauna kan dakali. Rana ta fito. Masu wucewa suna ta yi mani a dawo lafiya, ina amsawa. Gwadabe ya zo buɗe shago ya ce har yanzu ba a tafi ba? Na ce ai ka san yaran yanzu da barci. Hantsi ya yi, inuwa ta janye daga dakali, na matsa. Ta sake janyewa, na sake matsawa. Da aka kira azahar na yi salla, na tare ɗan acaɓa ya kai ni gidan Nu'uman a Ƙofar Durɓi, ina tsammanin mota ce ta lalace.

Matarsa Fadila na iske. Ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta ce ai sun tafi tun da aka idar da sallar asuba, shi da yara. Na ce wa ya zauna gaba? Ta ce kular nama aka aza a wurin.

Kular nama, Uwata.

Allah ya yafe mani, na koma dakali na zauna ina fatan su ɓace. Na ce bari su isa mararrabar Tudun Gawo, inda hanya ta rabu uku cikin karan dawa, mu ga abin da baturiyar za ta ce masu. To, ba su ɓace ba. Kafin magariba suka dawo, abin da ba mu taɓa yi ba ina cikin motar. Babu gidan da suka tsallake. Har gidan Sani makaho suka fara shiga kafin na mai gari. Baƙar nan da na buga sanda na zaɓa ba ta manta komai ba, Usman bai yi ƙarya ba.

Nu'uman ya zo da tsaraba, kabewa da daddawa da zabi biyu, ya durƙusa ya ce wai hutar da ni ya yi. A can kuma ya ce wa mutane jiki ne ya hana ni zuwa. Har Tani ta aiko mani da zuma a kwalba, wai in riƙa lasa. Ni da na wuni kan dakali da riga fes, kowa a unguwa ya gan ni.

Ashe duk tambayoyin nan ba shi nake ba amsa ba, cikin baƙar nake ɗurawa. Ni ina ta zuba ina murna na samu magaji, shi yana ta danne-danne yana shirin ranar da zai bar ni. Abu ɗaya na tambaye shi: ko sun tsaya a gindin tsamiya. Ya ce a'a, babu wanda ya ji fitsari. Na tashi na shige ɗaki. Zabin suna nan suna yawo a tsakar gida, na hana a yanka.

Ke ce babba, ke kaɗai yake shakka. Ki kira shi ki faɗa mashi abin da ya yi, don ni in na buɗe baki abin da zai fito ba zai yi mashi kyau ba, kuma bakin uba ba abin wasa ba ne. Duk cikin 'ya'yana ke ce ba ki taɓa yi mani rufa-rufa ba, shi ya sa na kawo maki kukana.

Ki gaida Alhaji da yara. Ina sauraron amsarki ta hannun direban tasha.

Mahaifinki,
Babaji


Ƙofar Guga, Katsina
Farkon watan Muharram

Zuwa ga Hajiya ta Kaduna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Alhaji da yara. Mu ma lafiya.

Amsarki ba ta zo ba. Sau da yawa Nu'uman ya kawo mani waya ya ce kina son magana, na ce a rubuto. Yanzu na gane abin da ya hana takardar rubutuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na haɗu da Usman mai shago. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi lafiyar na'ura, ya ce in gaida mashi Hajiya ta Kaduna, wai bai taɓa ganin macen da ta san kaya kamarta ba. Ya ce tun kafin mu zo kika bugo mashi waya kika ce baƙar kike so, mai riƙe gidaje. Kika ce a jera uku a bar Baba ya zaɓa, Nu'uman kuma ya nuna mai waƙar yake so, don kin san halin ubanki: duk wadda aka nuna mashi, ɗayar zai ɗauka. Yana faɗi yana dariya, shi a ganinsa yabonki yake. Ni ma na yi dariya, don mutane na kallo.

Kin san ni ƙwarai, wannan ban musa ba. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun kina zanen goyo ban taɓa kiran ki da komai ba sai Uwata. Na san kuma dalilinki: jirin bara, da hawan jinin da kullum kike aunawa kina girgiza kai. Da kin zo kin ce Baba ka zauna gida, da na ƙi, na sani. Da mun yi faɗa har maƙwabta su ji. Amma da faɗan ɗiya da ubanta ne, a yi a gama a ci tuwo. Sai kika sa aka jera mani kaya a tebur kamar yaron da ake lallashi, na buga sanda ina taƙama, mai shago yana danne dariya. Na kuma zo na kai maki ƙarar wanda kika aika.

Saura magana ɗaya. Na ce wa Gwadabe ya rubuta kada ya ɗago kai.

An gaya maki mahaifiyarki ta rasu a garinsu wajen haihuwarki, garin kuma ya tashi. Gaskiya ne. Abin da ba ki sani ba, garin yana bayan tsamiyar nan. Can ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ba ta kai ranar suna ba. Bayan gidan ubanta aka rufe ta, don haka ake yi a lokacin. Da rijiyarsu ta ƙafe mutane suka watse, katanga ta zube, yanzu gonar wani ce. Babu alama sai wani baƙin dutse da kututturen aduwa. Tana tsakaninsu. Duk waɗanda suka tsaya tare da ni ranar sun riga mu gidan gaskiya.

Ba fitsari nake zuwa yi ba. Da ruwan butar nake alwala, in tsaya in yi mata sallama da addu'a, in yayyafa mata sauran. A nan na gaya mata kin shiga makaranta, kin yi aure, kin haihu, kin sauke farali. Kunya ce ta hana ni faɗi. Mutum da furfura ba ya ce wa ɗansa ya tsaya zai gaida matarsa. Tun da aka rufe ta, wannan ce Sallar farko da aka wuce ba wanda ya sauka.

Mai gonar ya gaya mani tun bara cewa damina ɗaya zai ƙara bari, kafin ta biyu zai tumɓuke kututturen, yana tare mashi garma. Niyyata in roƙe shi a zagayen Sallar nan ya bari.

Ba zan nuna wa Nu'uman wurin ba, ba kuma zan bari a danna shi ba. Gidajen masu rai na ba ku duka, ku riƙe, Allah ya sa albarka. Wannan ɗaya in kina so sai ki zo da kanki, kafin ruwan fari. A cire abin nan daga gilashi a bar shi gida. Ke baya, ni gaba. In jirin ya kayar da ni a can, ai aikinki ne, kya san yadda za ki yi da ni. In ba ki zo ba zan hau acaɓa in tafi ni kaɗai, kamar yadda na saba a kan keke, ranar da na tafi kuma wurin ya tafi tare da ni.

Butar tana nan bakin ƙofa da ruwanta, tun ranar ban zubar ba.

Ki gaida Alhaji, ki shafa mani kan yara. Ke kuwa, Uwata, gaisuwarki na aje ta nan sai kin zo.

Mahaifinki,
Babaji