Tawul Goma Sha Ɗaya na Kaka Stamatia

Litinin, 25 ga Fabrairu, 2019

Ƙungiyar matan unguwa ta ɗora mini zagayen tarihi na ranar Lahadi, 10 ga Maris. Za mu taka garinmu Volos da ƙafa, mu tsaya wuri shida, in ba da labarin yadda mata suka samu ƙuri'a. Zangon ƙarshe ƙofar gidan Kaka Stamatia, tunda kowa a danginmu ya san tana cikin matan farko da suka yi zaɓe a 1934. Ismini shugabarmu ta ce, "Ke da rabonki da akwatin zaɓe shekara bakwai, ke ce za ki yi mana wa'azi?" Na ce tarihi daban, ɓarayin 'yan siyasar yanzu daban.

Laraba, 27 ga Fabrairu

Na gwada hanyar. Daga tsofaffin sito-siton taba zuwa bakin teku minti arba'in, gwiwata ta hagu tana zagina. Zan yi ko da rarrafe.

Jumma'a, 1 ga Maris

Na je ɗakin ajiyar tsofaffin takardu don in ɗauki hoton sunanta. Matan da suka yi rajista a shekarar ba su da yawa, shafi kaɗan ne. Na bi da yatsa sau uku. Babu Stamatia Kalogiru. Babu!

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga shi Ismini ta riga ta buga sanarwa da sunan Kaka ɓaro-ɓaro.

Asabar, 2 ga Maris

Wa zai bincika? In faɗa yadda na gaje shi, shi ke nan.

Talata, 5 ga Maris

Na kasa. Na kai wa Goggo Froso burodin alayyafo, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka, shekararta tamanin da tara. Ina fara magana ta ce, "Ubanki ne ya ƙirƙiro wannan, Allah ya ji ƙansa, akwai son girma."

Ta ce Kaka ta je rajista kam. Ta baro tsintar ganyen taba, ta sa baƙar rigarta ta coci. Doka ta ce sai mace ta kai talatin kuma ta iya karatu. Shekaru tana da su, ta ma faɗe su da ƙarfi, abin da matan masu kuɗi suka ƙi yi. Sai magatakarda ya miƙo mata alƙalami ya ce rubuta sunanki. Ta tsaya riƙe da shi, don ba ta iya rubutu ba. Ya ce, "Koma wajen tabarki, baiwar Allah." Maza suka yi dariya.

"To sai me?" na ce.

"Buɗe akwatin can, 'yar nan, ki daina zare mini ido."

Tawul ɗin kicin ne, goma sha ɗaya, kowanne da cikakken sunanta da jan zare. Na san su tun ina yarinya, na sha goge hannu da su. Ashe da Goggo ta shiga makaranta, Kaka ta sa ta rubuta sunan da gawayi a kan ƙyalle, ita kuma ta bi shi da allura har hannunta ya haddace. Na farkon duk a karkace, harafi biyu a juye. Na ƙarshen babu gawayi a ƙarƙashinsa. Sai bayan yaƙin duniya na biyu ta yi zaɓe, kanta ya yi furfura.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Goggo ta ce in share hawayen da hannun rigata, kar in taɓa tawul ɗin uwarta.

Alhamis, 7 ga Maris

Ismini: "Haba Evanthia, mutane gwarzuwa suke son ji, ba wadda aka kora ba." Na ce in ba haka ba ta nemi wata. Ta yi tsaki, ta ce taurin kaina na gado ne.

Lahadi, 10 ga Maris

Mata talatin da huɗu, maza uku, iska daga teku. A ƙofar gidan na ce sanarwar ƙarya ce, kuma ni na kawo ƙaryar. Na ba su labarin gaskiya har ƙarshe. Na ɗaga tawul na farko da na ƙarshe, waɗanda Goggo ta ara mini da ƙyar. Can wata tsohuwa ta ce uwarta ma dangwala yatsa ta yi har ta mutu, ta roƙi in bar ta ta taɓa. Na bari. Kada Goggo ta ji.

Litinin, 11 ga Maris

Farkon azuminmu na coci, yara suna ta sakin filfilon takarda mai zare a iska a kan tudu. Gwiwa ta kumbura.

Na duba, an mayar da rumfar zaɓenmu makarantar firamare ta bayan kasuwa. Akwai zaɓe a Mayu. Ba wai na sauya ra'ayi a kan ɓarayin nan ba ne. Kawai dai minti goma ne daga gida, kuma ni na iya rubuta sunana.