Duwatsun Kabarin Inna

Zuwa ga:
Mai girma Perefe na Gundumar Gaya,
Jihar Dosso.

Daga:
Nuriya Mumuni,
Ƙauyen Tungar Fako, kan tudu,
Komin (ƙaramar hukuma) ta Tanda.

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025.

Game da: Kwashe duwatsun gonarmu da na maƙabartar Tungar Fako da Mutari mai kamiyo ya yi, da roƙon a tsayar da gininsa kafin a binne su cikin siminti.

Mai girma Perefe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya taya ka riƙo, ina neman izinin gabatar da kukana a rubuce. Ranar Talatar da ta wuce na zo har ƙofar bironka, wato ofishinka, mai gadi ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, bakina ya ƙi buɗewa, na juya na koma. Shi ya sa na rubuto. Karatuna na lakwal bai yi nisa ba. In an ga kuskure a yi mini afuwa, amma babu ƙarya a cikin takardar nan.

1. Ina sanar da mai girma cewa garinmu a kan tudun dutse yake. Rijiyarmu tana ƙasa, a gindin tudun, mata ne ke hawo da ruwa a ka ta wata siririyar hanya. Ba mu da gidan likita. Wanda zai kira waya sai ya je gindin kuka ta bayan gari ya ɗaga hannu sama. Ƙasar noma a wurinmu ba ta da kauri, kuma duk gonakin a gangare suke. Saboda haka tun kakanni ake jera duwatsu layi-layi a cikin gona, don in ruwan sama ya taho da gudu ya tarar da jeri, ya tsaya, ya ajiye ƙasar da ya ɗebo. Gonar da ba ta da jeri ba ta ba da gero. Haka nan kabari ba ya haƙuwa da zurfi a wurinmu, da an kai gwiwa sai a tarar da fa, dutse zalla. Shi ya sa muke tara duwatsu a kan kowane kabari, don karnuka da ruwa. Duk wanda aka haifa a Tungar Fako ya san wannan.

2. Mutari a Tungar Fako aka haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, mahaifiyata marigayiya Aisata ce ta shayar da shi tare da ɗanta na fari. A gidanmu ya yi rarrafe. Har bara Yaya nake ce masa. Yanzu yana zaune a Gaya, yana da kamiyo, babbar motar ɗaukar yashi da dutse, mutane suna ce masa Alhaji. A cikin wannan takarda Mutari kawai zan ce.

3. Idon mahaifina, Malam Mumuni, ya rufe tun ina ƙarama. Tun daga lokacin mahaifiyata, Inna, ita ce ke riƙe da gonar. Jerin duwatsun da ke cikinta ita ta tsince su a fako, ta ɗauko su da kwando a ka, rani bayan rani, har gashin tsakiyar kanta ya zube bai sake fitowa ba. Ranar 19 ga Agusta, 2023, zazzaɓi mai tsanani ya kayar da ita, ta daina gane mutane. Na je gindin kuka na kira Mutari, na roƙe shi ya hawo da mota a kai ta likita. Ya ce mini hanyar tudunmu ba ta mota ba ce, ba zai karya ƙarfen kamiyonsa a kan dutse ba, mu sauko da ita ƙasa zai gani. Maza suka ɗora ta a kan ƙyauren ɗakinmu suka fara gangarawa. Ba a kai rijiya ba ta cika. A kan ƙyauren nan aka hawo da ita. Ban ce shi ya kashe ta ba, rai na Allah ne. Na dai rubuta abin da ya faɗa, don mai girma ya riƙe shi a zuciya yayin karanta abin da ke biye.

4. Bayan an rufe ta, maza suka tara mata duwatsu kamar kowa. Mata ba sa bin gawa, don haka sai bayan addu'ar bakwai na je. Na ɗauki dutsen niƙanta, wanda ta zo da shi gidan mahaifina, na ajiye shi ta wajen kanta don in riƙa gane wurin. Tsakiyarsa ta lotsa saboda niƙa, kuma gefensa ɗaya ya ɓalle. Ko cikin duwatsu dubu aka jefa shi zan fito da shi.

5. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, kamiyon Mutari ya hawo Tungar Fako. Ya hawo lafiya lau, babu ƙarfen da ya karye. Yara suka bi shi da gudu, domin yawancinsu ba su taɓa ganin mota a cikin gari ba. Mutari ya sauka da ƴan ɗauka waɗanda ba ƴan garinmu ba, ya shiga wurin mai gari, ya fito yana cewa ya zo ya raba mu da duwatsun da suka cika mana gonaki, taimako ne yake yi wa garinsu. Waɗansu maza suka yarda aka kwashe nasu. Mu ba a tambaye mu ba. Gonarmu ce ta fi kusa da inda mota ke iya juyawa, kuma jerin Inna ne ya fi kyau, duwatsun duk sun zo daidai hannu. Da ita aka fara. Mahaifina yana zaune a ƙofar gida yana jin ƙarar zubarsu a cikin ƙarfe, ya tambaye ni ko gini aka fara a gari. Na ce masa i. Na je bakin gonar na tsaya, Mutari ya gan ni, ya ɗaga mini hannu yana dariya. Ban iya cewa komai ba. Har yau ina jin haushin bakina.

6. Ranar Alhamis, 6 ga Maris, cikin azumi, da hantsi, kamiyon ya dawo. Mata muna rijiya, maza suna inuwa. Duwatsun gonakin da ke kusa sun ƙare, sai ƴan ɗauka suka hangi tsibi-tsibi a bayan gari, an riga an tara, babu wahalar tsinta. Su baƙi ne, a garinsu ba a rufe kabari haka. Amma Mutari yana zaune a gaban mota, ƙofa a buɗe, yana kallo. Wata tsohuwa mai suna Bibata, wadda take kiwon awakinta a wurin, ta yi musu ihu cewa mutane ne a kwance a ƙarƙashi. Ƴan ɗauka suka tsaya suka dube shi. Ya ce su cika mota tukuna. Bibata tana da rai, kuma ta ce a shirye take ta faɗi wannan a gaban kowa.

Lokacin da na hawo da tulu a kaina, mota ta riga ta gangara. Layin kaburbura na gabas duk an tsiraita shi. Na Inna yana ciki. Kwana biyu bayan haka na tarar karnuka sun fara tono ta wajen ƙafa, na ga farin ƙyalle. Ina roƙon mai girma ya yafe mini, ba zan ƙara bayani a kan wannan ba. Na mayar da ƙasar da hannuna, na saro ƙaya na rufe. Tun ranar, da na gama aikin gida can nake zama da sanda.

7. Ranar Juma'a, 14 ga Maris, dattawa suka zauna a kan maganar a ƙofar mai gari. Mutari bai zo ba. Ya aiko da goro da buhun sukari na shan ruwa, da saƙon cewa kuskuren yara ne, kuma zai mayar da abin da aka ɗauka. Aka ce maganar gida ce, ɗan nono ba ya ƙarar ɗan nono, a yi haƙuri saboda darajar wata. Aka shafa fatiha, aka raba sukari. An aiko mana da namu kason a kwano, na juye shi a bayan darni. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kira mahaifina. Daga baya direbansa ya faɗa a bakin rijiya, gaban mata, cewa maigidansa ya ce matattu ba sa ƙirga duwatsu, kuma yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta dubi mutum ba za ta kai shi ko'ina ba.

Mayarwar da ya yi alkawari ita ce, bayan Sallah ya sa aka zubar da ɓaraguzan bulo na tsohon gini a gindin tudu, kusa da rijiya, ya ce mu kwasa mu hau da su. Suna nan inda aka zubar. Sun tare hanyar jakuna.

8. Ranar Talata, 8 ga Afrilu, na kawo mahaifina Gaya a duba masa ido. Na bar shi a layi na tambayi inda Mutari yake sabon gida, aka nuna mini, a bayan tashar manyan motoci ta hanyar Dosso. An haƙa ramin tushe. Duwatsunmu suna jibge a gefe, jajaye, har da busasshiyar ƙasar gonarmu a jikinsu. Na zagaya tsibin. Dutsen niƙan Inna yana can ta wajen yamma, an jawo shi gefe, an kifa shi, magina suna zama a kai suna shan shayi. Na juya shi na ga lotsawar, na ga ɓallin. A kan dutsen nan aka niƙa garin kunun da aka yaye Mutari da shi. Na so in ɗauka, mai gadin wurin ya hana ni, ya ce kayan Alhaji ne. Shi ne ya shaida mini cewa siminti kawai ake jira, ƙarshen watan nan za a zuba tushe. Daga nan ne na zo ƙofar bironka na kasa shiga.

9. Mai girma ya fi ni sanin cewa ruwan farko ba ya wuce watan Mayu a ƙasar nan. Ƙaya tana hana kare, ba ta hana ruwa. Maƙabartarmu a gangare take, kuma ƙarƙashinta hanyar rijiya ce. In ruwa ya sauko kafin a mayar da duwatsun, abin da zai gangaro da shi, mata masu ɗibar ruwa ne za su fara gani. Gonar kuma bana ba ni da abin da zan tare ƙasarta da shi.

Bisa ga waɗannan dalilai, ina roƙon mai girma Perefe da girman kujerarsa:

Na farko, a aika jandarma su tsayar da ginin tun yau, kada a zuba ko kwano ɗaya na siminti a kan duwatsun nan. In an riga an sa waɗansu a rami, a tono su.

Na biyu, a kira Mutari da sammaci, shi da kansa. Kada a karɓi ɗan aike, kada a karɓi goro. A kira Bibata, a kira mai gari ya faɗi wanda ya ba shi izinin bayar da jerin gonar makaho. In an kira ni zan zo, kuma wannan karon zan yi magana.

Na uku, a sa shi ya mayar da duwatsun gona da na maƙabarta duka, kowanne inda aka ɗauke shi, kafin ruwan farko. Ya kwashe ɓaraguzansa daga bakin rijiyarmu. Bayan haka a hana kamiyonsa hawa tudunmu har abada, tunda da bakinsa ya ce hanyar ba ta mota ba ce.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna, ina roƙon kada a tsallake shi. Dutsen niƙan Inna kada a hawo da shi tudu a mota. Mutari ya ɗauke shi a kansa tun daga bakin rijiya, ta hanyar da aka sauko da ita a kan ƙyaure, da tsakar rana, ba gammo, ba hula, ba wanda zai kama masa. A yi shela mata su fito su tsaya a gefen hanya. Ya hau da shi har maƙabarta, ya durƙusa ya ajiye shi a wajen kanta. Zan bi shi a baya da ƙafa, riƙe da hannun mahaifina, ina faɗa masa duk inda aka kai. In ya faɗi a hanya, a jira shi ya tashi.

Ba diyya nake nema ba, kada a ba ni kuɗinsa, ba zan taɓa su ba. In doka ta ga ya cancanci kaso, wato kurkuku, bayan wannan, ina sanar da mai girma tun yanzu cewa za a zo a ce na yafe a madadin gidanmu. Duk wanda ya zo da wannan magana ba ni na aiko shi ba. Ban yafe ba. Nonon da ya sha ma ba ni da ikon yafe shi, mai shi tana ƙarƙashin ƙaya.

In har ranar zuba tushe ta zo ban ji komai ba, ba zan yi faɗa ba, ban iya ba. Zan sauko Gaya in shiga ramin in zauna a kan dutsen, magina su san yadda za su yi.

Ina roƙon afuwa in na wuce iyaka a magana. Allah Ya ja zamanin mai girma Perefe, Ya sa ya gama lafiya, Ya jiƙan iyayensa, Ya sa kada a taɓa musu makwanci.

Taka mai biyayya,

Nuriya Mumuni,
ƴar marigayiya Aisata,
Tungar Fako.