Ƙasar mijina da naman layya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya.

Muna zaune a Wheaton, maigidana binciken ƙasa yake yi a jami'a. Shekara uku yana zuwa wata fadama can saman duwatsun Colorado, wani gefe ya zuba taki wani ya bari, wai yana auna ko takin na sa ƙasar ta ƙara fitar da iskar nan mai ɗumama duniya. Zuwansa na ƙarshe firizar ofishinsu ta lalace, sai ya ajiye ƙasar a tamu, leda-leda da lambobi. Da na tambaya cewa ya yi mai sakandare ba za ta gane ba.

Babbar Sallah ta zo cikin zafi, ga rago ga kasonmu na saniya, ba wurin sawa. Na ce a raina ai ƙasa ba ta ruɓewa, na kwashe ledojin na kai gareji, kwana biyu, da na gama suya da rabo na mayar. Ashe da ta narke, ƙwayoyin cikinta sun farka sun cinye takin, iskar ta fice. Awon ya fito shirme, mai taki da marar taki duk ɗaya.

Bai zarge ni ba, don bai san na taɓa ledojin ba. Laifin ya ɗora wa wani dattijo ɗan Nijar mai tasi, shi ya ɗauko kular da aka zubo ƙasar a ciki daga filin jirgi, ya tsaya Juma'a a hanya ya makara, wai nan ta narke. A wajen wani suna maigidana ya tsayar da shi gaban mutane, ya kira shi jahili, ya ce irinsu ko jaki bai kamata a ba su su kora ba, kuma bai yafe ba har gaban Allah. Bawan Allahn nan ya cire hula yana ba da haƙuri. Yanzu mutanenmu sun daina kiransa aiki. Shekaranjiya matarsa ta kawo min fura, wai in taya su roƙon Dakta, wato maigidana.

Na karɓa, har na ce in sha Allah.

Na san halin mijina, in na faɗa, a wajen mutane zai fara ba da labarin, sannan ya yanko min tikitin Kano, yarana uku kuma nan aka haife su. In na yi shiru, da wane baki zan roƙi Allah gafara? In faɗa masa, ko in fara zuwa wajen dattijon?