Raƙuman Dawa a Gonar Wake

Bobiel, Yamai

Zuwa ga Mushe Nassirou, malamin aji na uku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Latifa ta zo mini da maganar tafiyar ajinku zuwa Kure kallon raƙuman dawa. Ba za ta je ba.

Bara ɗan maƙwabciyata ya bi ku. Ya dawo yana nuna wa unguwa bidiyo: yara suna bin dabba da ihu, wasu suna watsa wa 'ya'yan ƙauye alawa ta tagar mota kamar masu ba kaji tsaba. Idan wannan ne buɗe ido, idon 'yata ya zauna a rufe. Na yi koleji ni ma, ba a koya mana raina mutane a garinsu ba.

Ka huta lafiya.
Hadiza Bawa, mahaifiyar Latifa

*

Zuwa ga Hajiya Hadiza,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Hajiya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, har akwai wanda ba ki sani ba. Mai garin ƙauyen da muke sauka ya aiko cewa yaranmu sun tattake gonaki, sun bar leda ko'ina, akuya ta ci ta mutu. Da ƙyar ya yarda mu dawo sau ɗaya. Madam Ramatou, daraktarmu, ta ce in aka sake kawo ƙara, ta soke tafiyar har abada.

Yaran nan da yawansu ba su taɓa fita Yamai ba. Ba na so a rufe musu wannan ƙofa. Ina koya musu a aji yadda baƙo yake zama a garin mutane, amma muryata ba ta kai taki ba. Ki zo ki raka mu, don Allah.

Naki,
Nassirou

*

Mushe Nassirou,

Salam. Na ga wasiƙarka. Zan zo, ba don kun isa ba, sai don kada a ce 'ya'yan Yamai ba su da iyaye. Ka gaya musu: salular kowa tana jakata sai na ba da izini. Kowa ya ɗauko buhun zuba shararsa. Ba mai ganin ko wutsiyar raƙumi sai mun gaida mai gari, goron kuwa ni zan sayo a Babbar Kasuwa. Wanda bai iya cewa "fofo", gaisuwar Zabarmawa, ba ya koya tun yanzu.

Hadiza

*

Zuwa ga Madam Ramatou, darakta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da iyali. Mushe Nassirou zai ba ki labari, amma shi mai sanyin hali ne, zai rage. Ga yadda aka yi.

Mai gari ya karɓi goro bai ko ɗaga kai ba. Ya haɗa mu da ɗan rakiya, muka taka. Ba mu yi nisa ba sai ga raƙuman, dogaye, sun sunkuyo cikin wata gona suna ci. Yara suka fara tafi. Wani Zubairu, mai rawar kai, har ya ɗaga ƙafa zai taka kunyar gonar. Na ce, "Kai! Gonar ubanka ce?" Ya ce, "Haba Inna, taku biyu ne kawai." Na ce, "Yi na farkon ka gani."

A gefen gonar wata mata take, da ƙwarya a hannu, ita ba ta tafi. Latifa tana jin Zabarmanci, ta je ta durƙusa ta gaishe ta. Ta dawo jikinta a sanyaye. Ta ce, "Mama, sunanta Balki. Waken da suke ci nata ne. Mijinta yana ci-rani, ita kaɗai take roro. Dabbobin nan an hana taɓa su, kullum sai sun rage mata abincin shekara. Mu kuma muna musu tafi."

Sai Zubairu, shi da na gama yi wa faɗa, ya ce, "To mu tsince mata mana, kafin dogayen nan su gama!" Na ce a fara tambayarta. Balki ta yi dariya, ta ce 'yan birni za su tumɓuke mata har saiwa. Ta nuna musu busasshe da ɗanye, da inda ake sa ƙafa.

Madam, da kin gansu! Rana tana dukansu, ƙaya tana sukarsu, ba wanda ya nemi salula. Raƙuman suka ja gefe ƙarƙashin gawo suna kallonmu, mu muka zama abin kallo. Kafin la'asar an tara wake tsibi guda. Sannan na raba wayoyi, kowa ya ɗauki hotonsa daga hanya. Wadda ta so hoton Balki sai da ta roƙa.

Kada ki yabe su da yawa, su lalace. Amma tafiyar nan ba ta sokewa ba ce. Latifa kuwa, ban gaya mata ba, ta fitar da ni kunya.

Wassalam.
Hadiza Bawa

*

Hajiya,

Salam da albishir! Mai gari ya aiko da kansa. Ya ce ƙofa a buɗe take ga lakwal ɗinmu, wato makarantar, duk shekara, amma da sharaɗi: a riƙa zuwa da tsohuwar nan mai faɗa. Madam ta amince. Me kika ce?

Nassirou

*

Mushe Nassirou,

Salam. Alhamdu lillahi. Ka sa sunana. Mai gari kuma ka gaya masa na gode, amma tsohuwa tana gidansa. Faɗan dai na yarda.

Hadiza