Kwaɗon Ɗakin Baba

Aliero,
Talata.

Zuwa ga Yaya Mu'azu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya mutanen Jega, ya Amira da yara? Mu nan sai godiya. Na rubuto na ba direban motar albasa ne, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Kwaɗon da ka aiko ya iso. Yana cikin kwallata, ban sa shi a ƙofar Baba ba, kuma ba zan sa ba. Na ji saƙonka cewa ran Juma'a za ka zo ka kai shi wurin mai maganin nan na bayan Maiyama, inda ake sa wa mutane mari. Duk don ka iske shi yana wasa wuƙa yana magana shi kaɗai, ka tuno tsohon fim ɗin Turawan nan da ya tsorata ka.

To na kalli fim ɗin jiya bayan azahar, a wayar da ka bar mini. Gaskiya ɗaya ce, Yaya, sun iya. Ba jini, ba aljani, ba dodo. Tsohon tela ne da ɗiyarsa, hankalinsa na zamewa kaɗan-kaɗan, kai kuma ba abin da kake ji sai ƙarar almakashi daga bayan ƙofa. Wallahi har miyata ta ƙone ban sani ba. Wurin da ya tsaya tsakar gidansa ya rasa wace ƙofa ce tasa, nan na ajiye wayar na yi kuka, don haka Baba ya yi ran Lahadi. Wanda ya tsara wurin nan ya taɓa jinyar tsoho.

Amma sauran fa? Shirme! Gida ba maƙwabci, ba mai leƙowa ya ce ina kwana. Ɗiyar ba ta da aiki sai zare ido da ihu. Awa biyu cur, ba wanda ya tambayi tsohon nan me yake son yankawa. Tela ne fa, da sun miƙa masa yadi ai da an huta. Da suka rasa yadda za su rufe labari, sai suka sa ya kai wa yarinyar suka, likita ya fito yana cewa da an kulle shi tun farko. Wannan lalaci ne, kai kuma malamin makaranta guda ka haɗiye shi ba tauna.

Ni zan yi abin da ɗiyar tela ba ta yi ba. Gobe zan bi Baba in ga ina wuƙar nan take zuwa.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Humaira.

Aliero,
Alhamis.

Yaya Mu'azu,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙafar Amira, kumburin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya da hantsi na buɗe masa ƙofar gida na bi bayansa. Ban ɓoye maka ba, da na ga wuƙar na walƙiya, ƙarar almakashin nan ta dawo mini a kunne. Bai waiwaya ba sai rudu, rumbun ciyawar da muka ajiye albasar bana. Ya zagaya yana shinshinawa, ya cusa hannu can ƙasa ya zaro guda, jawur da ita, ba tabo ko ɗaya. Ya tsaga ta. Cikinta baƙi ƙirin, har da ruwa.

Ka manta yadda yake koya mana muna yara, cewa albasa daga ciki take ruɓa, hanci ke fara sani, wuƙa ta ba da shaida? Maganar da yake yi shi kaɗai kuwa da marigayiya Inna yake. Ƙararmu yake kai mata, wai yara sun bar rudu na wari sun hana shi fita.

Na kira mijina Sirajo muka yaye ciyawar. Ashe ruwan da aka yi kwanan baya ya shiga ta kusurwa. Mun zubar da kwando huɗu, sauran ta tsira. Da na sa kwaɗonka, da abincin gidan nan na shekara ya zama taki.

Da muka gama, Baba ya sa mini albarka, ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni. Abin ya yi mini zafi, Yaya, har yanzu yana yi. Na ce ta Malam Ya'ƙubu ce. Ya yi murmushi, ya ce ya san mutumin, ya san albasa ƙwarai.

Ban ce lafiyarsa ƙalau ba. Asibiti za mu kai shi, ni da kai, da ƙafarsa, ba mari. Wuƙar tana hannuna, kullum da hantsi zan ba shi in raka shi. Kwaɗonka kuma na ba direba ya mayar maka.

Ka zo goben. In ya tambaye ka ɗan wa ne kai, kada ka ɓata rai, ka faɗa masa. Yana jin daɗin jin sunan.

Taka har kullum,
Humaira.