Kilen Mumuni

Litinin, 3 ga Yuni 2024

Garin Gazawa. Litinin mai zuwa za a zauna kan burtalin yamma. Makiyaya sun ce gonaki sun cinye hanyar shanu, manoma sun ce ƙarya ne. Awon da aka yi shekara shida baya yana cikin kilen USB na marigayi Mumuni, wanda na gaji kujerarsa a buro, wato ofishinmu. Allah ya jiƙansa, amma ya iya wahalar da mutum! Tsarin kwamfuta sukutum ya zuba a ciki, sai ka tada na'ura da shi kafin ka ga komai. Kilen ya tsufa, yana ɗaukewa. Na kwafe shi gaba ɗaya.

Talata, 4 ga Yuni

Na haɗa kwamfutar gwaji a cikin tawa, na maƙala mata kwafin a matsayin kile. Baƙin allo da layi ɗaya, wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Sau tara! Na kasa zama wuri ɗaya.

Laraba, 5 ga Yuni

Arɗo Sale ya zo. "Malam, na'urar ta yi magana?" Ya ce yanzu ta kwalta suke kewayawa da shanu, jiya mota ta karya masu maraƙi.

Gonar Kawu Inusa tana bakin burtalin nan. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Kuma na san inda dutsen iyaka yake a da.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na kira Safina, mai gyaran na'urorinmu a Maraɗi. Dariya ta yi mani. "Haba! Tsohon tsarin tashi ba ya ganin irin wannan kilen. Shiga saiti ka danna akwatin EFI, shi ke nan."

Na ce na gode. Ban danna ba.

Jumma'a, 7 ga Yuni

Na sake kwafi, na sake jerin tashi, na sake komai, duk abin da na san ba shi ba ne matsalar. Shugaban buronmu ya leƙo, na ce mashi har yanzu ta ƙi. Wallahi na ji kunya.

Asabar, 8 ga Yuni

Na je gaida Kawu. Geronsa ya tsiro, gwanin kyau. "Ɗana, na ji na'urarku ta gagara," yana murmushi. Aka kawo tuwo, na yi loma biyu na tashi.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na shiga buro ne kawai don na manta hulata. Na danna akwatin da Safina ta ce. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta tashi.

Mita goma sha biyu na gonar Kawu burtali ne.

Na buga takarda biyu. Ɗaya na aje a teburin shugaba. Ɗayar tana aljihuna, na zuba wa babur mai. Gara Kawu ya ji daga bakina kafin gobe.