Na Sayi Gida da Kabari a Ciki

Anti Kubra, ki taimake ni kafin in yi abin da zai shiga bakin duniya.

"Malama, ni ne shaidarki. Gidan nan ba shi da wata magana, babu wanda zai taɓa buga miki ƙofa a kansa." Wannan maganar Levi ce, dillalin gidaje a nan Kafanchan, dattijo a ikilisiyarmu, abokin marigayi mijina. Da hannunsa a ƙirji ya faɗe ta.

Na yi ritaya daga koyarwa, na kwashe duk abin da gwamnati ta sallame ni da shi na sayi gidan. Akwai wani daɓen siminti a bayan ɗaki, sabo fil. Na tambaya, Levi ya ce tsohuwar rijiya ce aka rufe saboda yara. Ya kuma roƙe ni kada in yi magana da maƙwabta, wai mahassada ne, za su ɓata cinikin. Ni da na tsufa ina gaya wa ɗalibai su riƙa yin tambaya, na bi maganarsa, ban tambayi kowa ba. A kan daɓen nan nake shanya citta da masara.

Makon jiya sai ga wata tsohuwa da 'yarta Mildred daga Jos, riƙe da furanni. Suka gaishe ni da ladabi, suka wuce bayan ɗaki, suka durƙusa a gaban cittata suna addu'a. Anti, kabarin mijin tsohuwar ne! Ɗanta Nathan, wanda ya sayar mini, shi ya cire gicciyen ya shafe wurin da siminti. Uwar tana Jos tana jinya, ya ce mata haya ya ba ni. Ta riƙe hannuna tana roƙo in Ubangiji ya kira ta in bari a kwantar da ita kusa da mijinta, kamar yadda aka saba a gidajenmu. Wajen lissafa mutanen kirkin da suka tsaya musu ranar jana'iza ne ta ambaci Levi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

Nathan ya kashe wayarsa. Levi kuwa cewa ya yi in yi haƙuri, matattu ba sa cizo. Mildred ta ce gidan gado ne, ba su sa hannu ba, kotu za su. Ina zan nufa a wannan shekarun?

Na ba Levi zuwa Lahadin godiyar kaka, ranar da muke kai amfanin gona majami'a, ya nemo Nathan. In bai kawo shi ba, zan miƙe a lokacin sanarwa in faɗi komai a gaban jama'a, Litinin kuma in kira leburori su fasa daɓen.

Malama mai ritaya, Kafanchan

Amsa

Malama, an cuce ki, kuma wanda kika yarda da shi ne ya yi. Fushinki yana kan hanya. Amma kada ki taɓa kabarin nan. Tsohuwar ba ta yi miki komai ba, ita ma ɗanta ya ci amanarta. Ranar da guduma ta sauka a wurin, unguwa za ta manta da Levi ta juyo kanki.

Sanarwa a majami'a ma ki bar ta. Ki kai ƙararsa gaban fasto da majalisar dattawa, Mildred tana zaune, a tambaye shi yadda kabarin da ya sani ya koma rijiya. Kafin nan ki kai wa lauya takardun cinikin, ki kuma sanar da mai unguwa. Gaskiya mai ɗaci ita ce, in sauran magada ba su yarda ba, cinikin zai iya rushewa, ya zama Nathan da Levi za ki bi. Saboda haka ki jawo Mildred a jiki. In suka amince su sa hannu, ana iya katange gefen kabarin a buɗe masa ƙofa ta waje. Roƙon tsohuwar kuwa, kada ki amsa shi yanzu, ko da e ko da a'a, sai matsayin gidan ya fito fili.

Masu shirin sayen gida, ku ji. Sabon siminti ko sabon fenti a wuri ɗaya cikin tsohon gida yana ɓoye wani abu. Gidan gado ba a sayensa a hannun mutum ɗaya. In dillali ya hana ku gaisawa da maƙwabta, su za ku fara nema, musamman tsofaffin mata.

Allah ya sanyaya miki zuciya, Malama, ya zaunar da ke a gidan da za ki yi barci da rai kwance.

Anti Kubra